Tsakanin kai da rimok: tarihin tiyon birki da wayar fitilu a manyan motocin sufuri

1. Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a bakin hanya mai lamba 1, a Birnin Ƙwanni ko a Maraɗi, ya dubi bayan kabin ɗin babbar mota, zai ga tiyo biyu da waya ɗaya ko biyu suna reto tsakanin kai da rimok. Ta cikinsu ne umurnin direba ke isa ga ƙafafun da ke ɗauke da mafi yawan kayan, kuma ta cikinsu ne mai bin motar a baya ke sanin za ta tsaya ko za ta yi kwana. In ana zancen tarihin sufuri a ƙasarmu, hanyoyi da tashoshin ruwa da gyaɗa da uraniyom aka fi ambato. Wannan ɗan wuri da bai kai mita biyu ba, ba a cika waiwayarsa ba.

A cikin wannan maƙala za mu bi tarihin wannan haɗi. Abin da muke son nunawa shi ne: birkin iska an gina shi ne bisa ƙa'idar da ke sa in ya lalace mota ta tsaya, alhali kuwa waya in ta lalace shiru take yi. Tun daga shekarun 1980 wani sashe na aikin birki ya ƙaura daga tiyo zuwa waya. A ƙasa irin Nijar, inda ake ɗaura ma kai na wani zamani rimok na wani zamanin, wannan ƙaura tana da sakamako ga rayukan mutane. Da kalmar "kai" muna nufin motar da ke ja, da "rimok" kuma abin da ake ja, wanda maƙwabtanmu na Nijeriya ke ce ma tirela.

2. Iska: daga jirgin ƙasa zuwa kamiyo

Birkin iska daga jirgin ƙasa ya samo asali. A shekara ta 1869 George Westinghouse na Amurka ya sami takardar mallakar wata dabara: famfo a kan jirgi yana tara iska, in direba yana son tsayawa sai ya tura ta cikin bututu zuwa taragai. Aibinta a fili yake, domin in bututun ya tsinke babu birki ko kaɗan. A 1872 sai ya juya dabarar. Ya ba kowane tarago tankinsa na iska, ya bar bututun a cike kullum, ya sa wani bawul da ke sakin iskar tankin zuwa birki da zarar matsin bututun ya ragu. Ke nan tsinkewar bututu ita kanta umurnin tsayawa ce. Wannan ƙa'ida ita ce ginshiƙin duk abin da ya biyo baya.

Rimok na mota ya zo daga baya. A 1914 wani maƙeri na birnin Detroit, August Fruehauf, ya ƙera ma wani ɗan kasuwar katako amalanken da ake ɗora gabansa a kan mota Ford, don ya ja kwalekwalensa. A 1915 Charles Martin ya fito da farantin da rimok ke zama a kansa yana juyawa. Rimok na farko-farko wasu ba su da birki sam, wasu kuma sai an zaunar da mutum a kansu yana jan birkin hannu in ya ga gangara. A 1922 kamfanin Knorr-Bremse na Berlin ya soma ƙera ma kamiyo da rimok birkin iska, a 1930 kuma aka kafa Bendix-Westinghouse a Amurka don wannan aiki.

Tsarin da ya daɗe a Jamus mai tiyo ɗaya ne. Tiyon nan shi ke cika tankin rimok, shi ne kuma ke ba da umurni ta hanyar rage matsi. Abin lura a nan shi ne ba ya iya yin aikin biyu a lokaci guda: muddin ƙafar direba na kan birki, tankin rimok ba ya samun sabuwar iska. A doguwar gangara sai tankin ya ƙare daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Maganin da aka samu shi ne raba aikin gida biyu. Tiyo ɗaya, mai jan launi, yana ciyar da tanki ba fasawa da matsin da ya kai bar 7 zuwa 8; na biyu yana ɗaukar umurni kawai. In jan ya tsinke, rimok ya kama birki da kansa. Dokar Tarayyar Tattalin Arzikin Turai mai lamba 71/320, ta 1971, ita ta shimfiɗa ma ƙasashen tarayyar ƙa'idoji guda bisa wannan tsari.

Amma ba a haɗu a kan launi da siffa ba. Tiyon umurni rawaya ne a Turai, shuɗi ne a Amurka. Ingila ta daɗe da tsari mai tiyo uku, ja da rawaya da shuɗi, da bakin haɗi irin nata. Bakin haɗin Turai yana da ɗan kunne da ke hana a sa ja a gurbin rawaya. Na Amurka da yawa suna shiga juna. In aka gicciya su, tankin rimok ba ya cika. Rimok na zamani, mai birkin tsayawa na sifirin, zai ƙi motsi, direba ya gane kurensa. Tsohon rimok da ba shi da sifirin kuwa zai bi mota lafiya lau, ba tare da birki ba.

3. Waya: volt 12, volt 24 da haƙora bakwai

Tarihin fitilu ya bi wata hanya dabam. Motocin farko volt 6 suke amfani da shi, a shekarun 1950 ƙananan motoci suka koma 12. Manyan injunan gazuwal suna bukatar ƙarfi sosai wajen tashi, sai maƙeran Turai suka jera batir biyu suka tsaya a kan volt 24. Na Amurka suka zauna a kan 12, suka ƙara yawan batir da kaurin waya. A tsakani an yi wasu kamiyo masu tsari biyu: fitilu a volt 12, sitata a 24, da wani makunni mai sauya jeren batir lokacin tayarwa. Bugu da ƙari, har tsakiyar shekarun 1960 motocin Ingila da yawa ƙafar batir mai alamar "+" suke haɗawa da ƙarfen mota, saɓanin abin da aka saba yau.

Lissafin mai sauƙi ne. Ampul ɗin birki mai wat 21 yana jan kusan amper 0,9 a volt 24, yana jan 1,75 a volt 12. Ke nan wayar motar Amurka tana ɗaukar ninki biyu na abin da ta Turai ke ɗauka don haske iri ɗaya. In aka ba ampul na 12 wutar 24 zai ƙone. In aka ba na 24 wutar 12 zai yi ja-ja kamar garwashi, wanda ba a hangowa daga nesa, balle cikin ƙura.

A 1951 ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka ta tsayar da piriz mai haƙora bakwai, J560. A 1975 hukumar ma'auni ta duniya ta fitar da ISO 1185, wanda masu sana'a ke kira 24N, mai siffa ɗaya da na Amurka. A cikinsa farar waya ita ce mas, wato hanyar komawar wuta. Baƙa da mai ruwan ƙasa na fitilun baya ne na hagu da na dama. Rawaya da kore na fitilun kwana ne, waɗanda direbobi ke ce ma kilinyota. Ja ta fitilar birki ce. Shuɗiya an ware ta don sarrafa birkin rimok. Da bukatu suka ƙaru, kamar fitilar ribas da ta hazo, sai aka ƙaro piriz na biyu, ISO 3731 ko 24S, aka sauya siffar haƙorin mas ɗinsa don kada a rikita shi da na farko. A 1994 ISO 12098 ya haɗe su biyun cikin piriz ɗaya mai haƙora 15.

Daga nan haɗari na farko ya fito: kan wayar rimok na Amurka yana shiga piriz ɗin kai na Turai ba gardama, alhali ɗaya na volt 12 ne, ɗaya na 24. Ƙarfe ya yarda, wuta ba ta yarda ba.

Wajibcin waɗannan abubuwa yana cikin dokar duniya. Yarjejeniyar Biyana kan zirga-zirgar hanya, ta 8 ga Nuwamba 1968, wadda Nijar ta shiga a 1975, ta tanadi cewa rimok da nauyinsa ya wuce kilo 750 sai da birki, kuma birkin ya tsayar da shi da kansa in haɗi ya tsinke. Ta kuma tanadi jajayen fitilun baya, da fitilar birki, da jajayen madubai masu kusurwa uku waɗanda rimok kaɗai ke ɗauka.

4. Shigar birki cikin waya

Har zuwa nan aikin a rabe yake: iska ga birki, waya ga haske. Banda guda ɗaya da ya kamata mu ambata, wato ƙananan rimok na Amurka. Tun daga ƙarshen shekarun 1920 ake sa masu birkin lantarki: maganaɗisu a cikin gangar ƙafa, da wata na'ura a gaban direba mai ƙara ko rage wutar da ke zuwa gare shi. Tunda tsinkewar waya ba ta tsayar da komi, sai aka ɗora ma rimok ɗin ƙaramin batir da makunnin da igiya ke fizgewa in ya rabu da mota. Wato an sake ƙirƙiro ƙa'idar 1872 da wasu kayan. Mai son jan irin wannan rimok da tsohon kamiyo mai birkin iska dole ya ƙara wannan na'ura, ya samo mata volt 12, ya kuma sa abin da ke haɗa siginar birki da ta kwana, domin waɗannan rimok a zaren ampul ɗaya suke nuna su. Turai ba ta bi wannan hanya ba: har kilo 3.500 ta fi dogara ga birkin da turin rimok a kan mota ke kamawa.

Babban sauyi ya zo a 1981, lokacin da Mercedes-Benz da WABCO suka fito da ABS na manyan motoci, na'urar da ke hana ƙafa ƙamewa tana jan ƙasa. Tana bukatar wuta tabbatacciya, don haka a 1985 aka ware mata piriz nata, ISO 7638, mai haƙora biyar: biyu masu kauri don bawuloli, biyu don ƙwaƙwalwar na'urar, ɗaya don fitilar gargaɗi a gaban direba. Daga Oktoba 1991 Turai ta soma wajabta ABS ga manyan kawuna da manyan rimok. Amurka ta wajabta shi ga kai a Maris 1997, ga rimok a Maris 1998, amma ba ta ƙara piriz ba: shuɗiyar wayar J560 ta maida mai ɗauke da wuta kullum. Ke nan shuɗiyar waya tana da ma'ana uku, gwargwadon inda aka ƙera abin: sarrafa birki a 24N, wutar ABS a J560, wutar maganaɗisu a ƙaramin rimok.

A 1996, tare da Mercedes Actros, aka shigo da EBS. A nan umurnin birki kansa ta waya yake tafiya, ta haƙora biyu da aka ƙara ma ISO 7638 suka zama bakwai. Tiyon rawaya ya koma mataimaki. Akwai wani abu da ya fi wannan muhimmanci ga batunmu. A tsohon rimok, wani bawul mai sanda ko mai bin matsin balan-balan ɗin ƙafa shi ke auna nauyin kaya, ya rage ƙarfin birki in rimok fanko ne. A rimok mai EBS ƙwaƙwalwa ce ke wannan awo. In ba ta sami wuta ba, birkin iska yana nan, amma yana kamawa ba tare da awon kaya ba kuma ba ABS. Rimok fanko da aka taka ma irin wannan birki a kan jiƙaƙƙen gudro ko yashi, ƙafafunsa na iya ƙamewa, gindinsa ya zame ya tare hanya. Wasu maƙera sun tanadi wutar agaji daga wayar fitilar birki, amma wannan madogara ce ta wucin gadi, kuma sai in wayar fitilar tana da lafiya.

5. Yadda zamunan nan suka haɗu a Nijar

Nijar ta gina sufurinta a kan mota mai zuwa bakin dogon jirgin maƙwabta. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, kuma can gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta daɗe tana bi. Ta gefen Dahome dogo ya tsaya a Paraku a 1936, kilomita 438 daga Kwatano. A 1953 mahukuntan mulkin mallaka suka soma shirin da suka kira Hirondelle: kamiyo ya sauka da gyaɗa zuwa Paraku, ya hauro da kayan da jirgin ruwa ya kawo. Gadar Gaya da Malanbil ta 1958, da kafa hukumar sufuri ta haɗin gwiwar Dahome da Nijar a 1959, da SNTN a 1963, sun tabbatar da wannan hanya. Sa'an nan uraniyom ya zo: SOMAÏR ta soma fitarwa a 1971, COMINAK a 1978, aka gina hanyar Tawa zuwa Arlit tsakanin 1976 da 1980.

Kayan aikin wancan zamani galibi na Faransa ne da Jamus. Harshe ma ya adana shaidar haka: sunan Titan, maƙerin rimok na Faransa, da TLM, wani samfurin kai na Berliet, sun zama sunayen babbar mota a bakin jama'a, duk da cewa Berliet ta narke cikin Renault a 1978. Babban kamfani mai sayen kai da rimok sababbi, daga ƙasa ɗaya, a lokaci ɗaya, yana da garajinsa da littattafan maƙera, ba ya fama da matsalar da muke magana a kai.

Faɗuwar kuɗin uraniyom a shekarun 1980, da karya darajar sefa da rabi a Janairu 1994, sun sa sabuwar mota da kayan gyara na asali sun yi nisa da aljihun yawancin ƴan sufuri. Sai aka karkata ga kwancen Turai da ke saukowa a Kwatano da Lome. Ta kudu kuma, hanyoyin Katsina da Kano da Sakkwato suna kawo abin da ke yawo a Nijeriya: Mercedes mai gajeren hanci, wanda aka soma haɗawa a Inugu a farkon shekarun 1980, da ragowar motocin Ingila, da Mack na Amurka mai volt 12. Daga baya motocin Sin, irin su Howo, suka shigo da volt 24.

Wani dalili na cuɗanyar shi ne kai da rimok ba sa tsufa tare. Kai yana da inji, yana mutuwa. Rimok ƙarfe ne da ƙafafu, mai walda yana iya ƙara masa shekaru, har ya ƙara masa kauri don ya ɗauki fiye da ƙima, al'adar da dokar UEMOA mai lamba 14 ta 2005 ta zo yaƙa. Don haka ake samun haɗi iri biyu. Na farko, sabon kai da tsohon rimok: kai yana da piriz mai haƙora 15 da na ABS, rimok yana da 24N kawai. Wannan da sauƙi, wayar da ke da baki ɗaya a gaba biyu a baya tana warware batun fitilu. Na biyu, tsohon kai da rimok na bayan shekara ta 2000: kai ba shi da piriz ɗin ISO 7638 ko kaɗan. Tiyo biyu sun shiga, fitilu sun kama, mota ta tashi, kuma babu fitilar gargaɗi a gaban direba da za ta shaida masa cewa ƙwaƙwalwar birkin rimok ɗinsa a mace take.

6. Aikin mai gyaran wuta

Wanda tarihin nan duka ke faɗowa a hannunsa shi ne mai gyaran wutar mota na bakin tasha, wanda galibi a gaban ubangida ya koyi sana'a. In muka duba abin da aikin ke bukata, za mu ga kowane mataki amsa ce ga ɗaya daga cikin rarrabuwar da muka bayyana a sama.

Da farko sai ya tantance volt ɗin kowane gefe da ƙafar batir da ke haɗe da ƙarfe. In sun saɓa, ko a sauya ampul duka, ko a sa na'urar rage volt. Jan volt 12 daga batir ɗaya cikin biyu dabara ce da ake yawan yi, tana kuma kashe batir ɗin da wuri, domin ɗaya yana ƙarewa ɗaya yana cika fiye da ƙima. Na biyu, ba ya amincewa da launin waya a tsohuwar mota da hannaye da yawa suka taɓa. Haƙori-haƙori yake bi da fitilar gwaji. Na uku, mas. Da yawa suna barin wuta ta koma ta farantin da rimok ke zaune a kai, wanda ke shafe da giris da ƙura. Alamar wannan cuta sananniya ce a hanyoyinmu da dare: fitilun baya suna ƙyaftawa tare da kilinyota, ko suna dushewa in an taka birki. Ƙa'idar 24N ta ba farar waya kauri fiye da sauran, milimita murabba'i 2,5 a maimakon 1,5, saboda ita ke maido da wutar fitilu duka daga rimok mai tsawon mita 13,6.

Na huɗu, makunnin tsohon kai ba a yi shi don yawan fitilun rimok na yau ba. Sai an sa rile da fizibil ga kowane layi, ba a naɗa zaren waya a gurbin fizibil ba. Fitilun LED, masu arha da juriyar girgiza, sun rage wannan nauyi amma sun kawo nasu: ba sa kamawa in an juya ƙafafun wuta, kuma tsohon akwatin kilinyota, mai auna wutar da ake ja, yana ɗaukar su tamkar ampul da ya mutu. Na biyar, in rimok yana da ABS ko EBS, ana iya ja ma tsohon kai piriz mai haƙora biyar daga batir, da fizibil ɗinsa da fitilar gargaɗinsa. Kuɗin wannan bai kai na taya ɗaya ba.

7. Kammalawa

Mun ga cewa kowace ƙa'ida cikin waɗannan an kafa ta ne don magance wani haɗari a wani wuri: tsinkewar bututu a 1872, ƙarewar iska a gangara, ƙamewar ƙafa a 1981. Waɗanda suka kafa su sun ɗauka cewa kai da rimok za su tsufa tare a ƙarƙashin doka ɗaya, su kuma fita aiki tare. Tattalin arzikinmu ya tara su duka a tasha ɗaya. Rufe gadar Gaya bayan Yuli 2023, da karkata jigila zuwa Lome ta Burkina Faso, sun ƙara ma waɗannan motoci tsawon tafiya ba tare da sun sauya komi a bayan kabin ba.

Iska in ta zube ana jin ƙararta, allurar awo tana faɗuwa, rimok yana tsayawa. Waya in ta mutu, wanda ke bayan motar ne ke fara sani. Ganyen da karen mota ke jerawa a kan gudro in an lalace da dare shaida ce cewa masu sana'ar sun san da haɗarin duhu. Muna ganin abubuwa biyu sun cancanci kulawar masu bincike da hukuma. Na farko, binciken lafiyar mota ya dubi kai da rimok a haɗe, har da piriz ɗin ABS, ba kowane shi kaɗai ba. Na biyu, a tattara kalmomin da masu gyara ke amfani da su a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, na Hausa da na aro daga faransanci da ingilishi, a rubuta masu taswirar waɗannan piriz da harshen da suke aiki da shi. Wannan aiki ne da sashen tarihi da na harsuna za su iya yi tare, kuma dattawan da suka yi aiki a kan Berliet ba za su daɗe suna jiranmu ba.